Kwabo a Kan Maɗigar Jikana

Malam Sabo, daren jiya na yi wani mafarki da ya bar ni a gajiye kamar wanda ya wuni huɗa, kuma ban ga wanda zan kai wa shi ba sai kai.

Ka dai san halina da tsofaffin kuɗin nan na cikin gwangwani, kwabo mai huji da sulalla da sisi, waɗanda na gada wurin Baba tare da zabirar wanzanci. Kai ne kullum mai tsokanata, wai ƙato da furfura yana wasan yara. Shekara da shekaru, in an yi la'asar ba mai aski, sai in baje tabarma a zaure in yi ta ɗora su, in tsayar da wannan a kan gefensa, in kwantar da wancan a kai, har gini ya kai kamu guda. Abin da ba ka sani ba shi ne, tun ƙarshen damina ginin ya daina tsayuwa. Hannuna na dama ne ke rawa. Ba wanda ya lura sai Hajara mai ɗakina. Ta ce in je asibiti, na ƙi, ta ce dama wanzami ba ya son jarfa. Ga shi jibi sunan ɗan Bilkisu, jikana na fari, kuma da bakinta ta ce mini, "Baba, ba wanda zai ɗora wa ɗana aska sai kai."

To, a mafarkin, ga ni a zaurena ina gini, yana tafiya lafiya lau kamar da. Har na ji daɗi. Sai kawai bangon zauren ya ɓace, na gan ni a tsakiyar wata kasuwa da ba kowa, rumfuna a buɗe, tabarmi a shimfiɗe, ba mai saye ba mai sayarwa. Ban damu ba, na ci gaba da ɗorawa.

Sai na ji ƙasan ginin yana motsi. Na sunkuya na duba, ashe ba a kan tabarma nake gini ba, a kan jariri ne. Gashi baƙi mai laushi, ko aski ba a yi masa ba, kwabon farko kuwa yana zaune daidai kan maɗiga, wurin nan mai taushi da kullum nake kauce masa da aska. Maɗigar na bugawa, duk bugu ɗaya ginin ya yi lilo ya dawo. Yaron na barci a cinyar wata mace da ta lulluɓe fuska, amma na gane yatsun Bilkisu. Can nesa mata na guɗa, sai dai guɗar tana fitowa kamar daga cikin rijiya.

Wata murya a bayana ta ce, "Ƙara ɗaya."

Na ce, "Na gaji."

Jim kaɗan muryar ta sake cewa, "Ƙara ɗaya." Na ƙara. Kowane kwabo na ɗauko sai ya fi na baya nauyi, har sai da na riƙa sa hannu biyu, gumi na shiga mini ido, ba halin sharewa. Ginin ya wuce kaina, amma ban san yadda aka yi hannuna yake kaiwa sama ba.

Sai kawai ga Baba, Allah ya jiƙansa, cikin shuɗiyar rigarsa ta zuwa kasuwa, yana tsaye gefe guda. Wallahi na ji sanyi a raina. Na ce, "Baba, riƙe mini hannun nan, rawa yake." Ko kallona bai yi ba, zabirar da ke rataye a kafaɗata ya ƙura wa ido. Kusa da shi ga ƙanena Ɗanlami, wanda ka san ban taɓa yabon askinsa ba, kullum cewa nake hannunsa na da nauyi. Tafin hannunsa kawai ya buɗe ya miƙo, ya tsaya a haka.

Muryar ta ce, "Saura ɗaya." Na sa hannu a gwangwani na ɗauko sule, ina ɗago shi sai na ga aska ce, tawa, mai ƙotar ƙahon nan. Hannun ya kama rawa har gwiwar hannu. Ginin ya karkato. Nan yaron ya buɗe ido ya dube ni, bai yi kuka ba, kallona kawai yake kamar ya san ni. Na ɗaga askar, kuma har yanzu ban san ko kansa na nufa ko tafin Ɗanlami ba.

A nan na farka, hannuna na hagu ya damƙe na dama tamau, har shatin farce ya fito. Da na dawo daga masallaci na ɗauko kwabo ɗaya tak, na ce bari in tsayar da shi. Ya gangara ya shige ƙarƙashin ƙofa, na bar shi a can.

Na gaji, Malam Sabo, na gaji da ɓoye hannu a aljihu, ga shi ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da ka fi ni karatu, ka faɗa mini, tafin hannun nan da Ɗanlami ya miƙo, nuni aka yi mini ko tsorona ne kawai ya biyo ni barci? In kuma nuni ne, jibi in Bilkisu ta miƙo mini ɗanta a gaban jama'a, da wane baki zan ce mata ta miƙa wa ƙanena?