Abin da Issufu Ya Ƙi Sa wa Makulli

Matso kusa, mai karatu, in gaya maka wata magana da ta tsaya mini a rai. Bana shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran ƙanena Issufu, mai gyaran talho a bakin kasuwar Dakoro. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, fura nake damawa in raba wa maƙwabta, a yi masa addu'a, in koma ɗakina. Bana abin bai tsaya nan ba. Ɗiyarsa Ramatu ta zo daga Maraɗi ta aje mini tambayar da har yau ban amsa ba. An yi mata tayin aiki mai albashi, amma da sharaɗin ta juya baya ga abin da ubanta ya bari a buɗe, ta taya wasu gina nasu a rufe. Ta zauna bakin gadona ta ce, "Gwaggo, ke kika ji dukan maganganunsa. Da yana nan, mi zai ce?"

Gaskiyarta, ni na ji. Ni ba mai fita ba ce. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidan ubanmu, ɗakina kuwa bango ɗaya ne da zaure. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba ni kunne, kuma duk abin da ya shiga ba ya fita. Bari in fara gaya maka ko mene ne abin, don kada in bar ka a hanya.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san zafin ɓatan dabba. Raƙumi ya tsinke, ko saniya ta bi wani garke, sai mutum ya ɗauki sanda da gora ya shiga duniya, yau kasuwar Kornaka, gobe Sabon Maci, yana cigiya har ƙafa ta kumbura. Issufu ya ga irin waɗannan mutane da yawa, don a rumfarsa suke sa talho caji. Shi ma karatunsa bai wuce kwalej ba, sai dai ya sayo wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a Maraɗi, mai ƙara kamar injin niƙa, ya zauna kanta har ya haɗa wani abu da ake sawa cikin talho. Masu ordinatar suna ce masa lojisiyel, a rediyo kuma na ji ana cewa manhaja. Za ka sa hoton dabbarka, da shaidar wutar da ke jikinta, da yankan kunnenta, da lambar da za a kira ka. In talho biyu suka haɗu sai su ba juna labari, ko da babu rezo, wato layin waya bai kai wurin ba. Mutane suka sa masa suna Cigiya, sunan ya bi shi.

Ya ce mini ba shi kaɗai ya gina ba. Wai akwai mutane a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, sun yi aiki sun aje a fili, sun ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, amma kada ya kulle. Da kayansu ya yi gini, shi ma ya bar nasa haka. Wannan shi ne ya haifar da gardamar da aka yi shekaru ana yi a zaurenmu, kullum bayan la'asar, shayi na kan wuta.

Su uku ne. Shi, da Baba Musa, wanda ya yi ritaya daga elewaj, wato ma'aikatar dabbobi, mutumin da ba ya yarda da komai sai ya ga tambarin gwamnati a kai. Sai Alhaji Gali dillalin shanu, taubashinmu, mai baki kamar reza. Alhaji shi ke tada maganar. "Kai Issufu, ko tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ba ta rabawa kyauta. Sa masa makulli, duk mai cigiya ya biya, in ga ka sayi mota in daina ganinka bisa wanga mashin mai tari." Baba Musa ya aje kofi ya ce, "Kai komai kasuwa, Alhaji. Wanga aikin gwamnati ne. A kai shi biro, ofishin hukuma, a buga masa tambari, ya zama doka." Issufu ya yi dariya ya ce, "Baba, bironku ranar Asabar a rufe yake, raƙumi kuwa bai san ranar hutu ba." Alhaji ya ƙyalƙyace har shayi ya zubo masa a riga, ya ce a rubuta wa raƙuma takarda su riƙa ɓata ranar Litinin.

Kada ka ɗauka Issufu yana ƙin gwamnati ne. Yakan ce ita kamar sarkin kasuwa take. Ta share fili, ta duba tiya kada a rage awo, ta kama ɓarawo, ta kawo wutar lantarki da rezo. Amma in sarkin kasuwa ya kafa tasa rumfa, wa zai duba tiyarsa? Baba Musa kuwa yana da amsar da ba ta da daɗi. Ya ce, "Ɗana, kai mutum ne. Ranar da ba ka nan, wa zai riƙe? Gwamnati ba ta mutuwa." A lokacin dariya muka yi. Daga baya ban ƙara jin abin dariya a cikin maganar ba.

Sau ɗaya na sa baki. Ina tankaɗe na ɗaga murya ta bayan bango na ce, in kowa na iya buɗe cikinsa, ai ɓarawo ma zai buɗe ya ga asirin mutane. Alhaji ya ce, "Kun ji, ashe bangon ma ɗan jam'iyyata ne." Issufu ya shigo ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Yaya, wa bai san yadda ake gina rumbu ba a garin nan? Kowa ya sani. To hatsinki ya zama na kowa? Yadda aka gina shi ne a buɗe, don in ya tsage kowa ya iya liƙewa. Abin da ke ciki na mai shi ne." Ya ɗebi gyaɗata ya fita. Haka yake tun yana goye a bayana, ba ya barin wuri hannu wofi.

Ranar da na ga farin cikinsa mafi girma ita ce ranar da wani mushen lakwal, wato malamin makaranta, daga Kornaka, wanda bai taɓa sani ba, ya zo da talho ya nuna masa. Ya ɗauki Cigiya ya sa mata murya, tana magana da Fulatanci da Buzanci, don mafi yawan makiyaya ba sa karatu. Issufu bai taɓa tunanin haka ba. Ya riƙa danna abin yana saurare yana buga cinya, ya aika aka sayo tsire kamar an yi masa haihuwa. Alhaji Gali yana cin tsiren yana cewa, "Ban taɓa ganin wanda aka yi wa sata yana yanka ba sai kai." Bai hana shi cinye rabi ba.

Da labarin ya tsaya nan, da tuni na ba Ramatu amsa. Amma akwai wata rana.

Wani dattijo makiyayi ya yi sallama a ƙofarmu, fuskarsa duk gajiya, yana neman wanda aka ce shi ne tushen abin. Wani mutum a wata kasuwa can arewa ya ɗauki Cigiya, ya goge sunan Issufu, ya kulle ta, yana karɓar kuɗi hannun mutane, har yana cewa daga gwamnati aka ba shi. Tasa kuwa ba ta ba sauran talho labari. Dattijon ya biya, ya koma ya zauna yana jira, saniyarsa ba wanda ya ji cigiyarta, har aka yi nisa da ita. Issufu ya hau mashin ya tafi wajen mutumin. Mutumin ya kalle shi ya ce, "Ba kai ka ce kowa ya ɗauka ba?" Da ya dawo, da ƙafarsa ya je gidan Baba Musa yana tambaya ko akwai biron da zai tilasta wa mutum ya kiyaye sharaɗin nan na kada a kulle. Baba Musa ya zaga inda ya sani, ya dawo ya ce bai samu wanda ya ma gane tambayar ba.

Ranar ma an dafa shayi a zaure. Alhaji mai baki bai ce na gaya maka ba, Baba Musa ma bai ce ba. Da suka watse Issufu ya shigo ya zauna bakin murhu ina tuƙa tuwo. Ya daɗe yana tura itace da ƙafa, sannan ya ce, "Yaya, in na rufe, na rufe wa mushen Kornaka. In na bari, ga abin da aka yi wa tsohon nan. Ban sani ba." Ban taɓa jin ya faɗi haka ba kafin ranar. Bai rufe ba. Ya riƙa bin kasuwanni yana sa wa mutane ita kyauta, don kada kowa ya ƙara sayen kullalliya. Sai dai daga nan, in gardama ta tashi, ya fi saurare.

Ciwon ƙoda ne ajalinsa. Ba zan ɓoye maka ba, rashin abin hannu ya sa muka makara. Alhaji Gali, mai cewa komai kasuwa, shi ya sayar da bijiminsa ya ɗauke shi cikin motarsa zuwa Maraɗi. Baba Musa ya bi duk wanda ya sani a gidan likita yana roƙo. Ranar jana'iza Alhaji ya tsaya bakin zaure yana share ido da hannun riga, ya ce, "Da yaron nan ya ji maganata." Ban ji haushinsa ba. Ni ma nakan yi wannan tunani idan na ga uwar Ramatu tana soya awara a ƙofar gida don ƙannenta su je lakwal.

Yau da zai leƙo, ina jin zai yi mamaki. Talho mai hoto ya shiga aljihun kowane makiyayi, faifan hasken rana na kan amalanke, ana aika kuɗi ba tare da an hau mota ba. Jikokina suna cewa wai yanzu har akwai abin da kake yi wa tambaya ya ba ka amsa kamar mutum. Na san tambayar farko da zai yi, wa ke riƙe da makullinsa? Cigiya kuwa tana nan. Ramatu ta yi karatun ordinatar, ita ke gyara ta duk lokacin da sababbin talho suka ƙi karɓarta. Ta ce wasu samari a Mai Yara sun ƙara mata wani abu, tana sanar da makiyaya inda aka gama kwashe amfanin gona, don kada dabbobi su shiga kafin lokaci a yi faɗa. Da yana nan da an sake sayen tsire.

Masu tayin wani kamfani ne da ke aiki tare da gwamnati kan rajistar dabbobi. Ba mugaye ba ne. Suna so su gina tasu, mai tambari, wadda in an kama ɓarawo da ita alƙali zai karɓa, abin da Issufu ya nema ranar nan bai samu ba. Amma ma'aikata kaɗai za su taɓa cikinta, Ramatu kuma ta daina taɓa ta buɗen. Ba mai iya ƙwace tsohuwar daga hannun mutane, sai dai in ba mai kula da ita za ta tsufa ta mutu a hankali. Baba Musa, da idonsa ya tafi yanzu, ya ce ta karɓa, shi dama ya faɗa. Alhaji Gali ya ce, "Karɓi, ɗiyata, ubanki ya sha yunwar da ta ishe ku duka." Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Amma in wani mushe ya zo da tasa dabara, ta ina zai shiga?" Ya sa takalmi ya tafi bai jira amsa ba.

Idan na auna abin da ya rage na Issufu, ba shi da yawa a ido. Ordinatar ta mutu, rumfarsa wani ke sayar da albasa a ciki. Amma har yanzu baƙi na yin sallama a ƙofarmu, mutanen da ban sani ba, wani da ƙwaryar nono, wani da cuku, su ce an gaya musu nan ne gidan mai Cigiya, sun samu dabbarsu, sun zo su yi masa addu'a. Wannan ba a ci da shi, na sani. Kuma ba a sayensa.

Na kwashe duk abin da na ji na gaya wa Ramatu, har da maganar bakin murhu. Ta ce, "Gwaggo, wanga ba amsa ba ce." Na ce awo, ɗiyata, ba amsa ba ce. Ba na so in sa wa mamaci maganar da bai faɗa ba, kuma ba na so yarinyar nan ta gaji wahalarsa don kawai ina kewarsa. Ƙarshen wata suke jiran ta, ita kuma ni take jira.

Allah ya ji ƙan Issufu, ya sa ya huta. Kai kuma da ka zauna ka saurare ni har nan, in ɗiyar ƙanenka ce ta zuba maka ido haka, uwarta na bakin kaskon awara, makiyaya kuma na can daji da abin ubanta a aljihu, me za ka ce mata?