Ƙafafun Nea Ilarie

Bakina ne ya jawo mini. Viorica ƙanwar matata ta zo hutu daga Italiya da mijinta Dorel, sun ɗauko motar haya fara tas, wai sai sun ga beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, a hanyar dutse. Na ce ai ni ɗan gari ne, na san kwanar da yake fitowa kamar yadda na san ƙeyar masu zuwa aski shagona. Na karɓi tuƙi. Mun gan shi kuwa, ya zo har jikin mota sannan ya koma cikin itatuwa. Garin in ja da baya don Viorica ta sami hoto, na taka wani dutse, salansa ta fizge ta tokare ƙasa. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Dole na kira Ilarie makanike, wanda muke ce wa Nea Ilarie, wato Baba Ilarie.

Ilarie ɗan makiyayi ne. Cikin tumaki ya tashi can saman dutse, inda ba a kiran beyar da sunansa, sai dai a ce Tsoho Martin, don kada ya ji ya amsa. A zamanin ubansa, in aka buga wa Tsoho gwangwani, sai dai ka hangi bayansa. Ilarie ya bar tumaki ya koyi gyaran mota, ya yi furfura a hanyar nan, rabin rayuwarsa a kwance ƙarƙashin motocin mutane, ƙafafu a waje. Bai taɓa tunanin ƙafafun ba sai da masu hutu suka yawaita, kowa da burodinsa yana jefawa ta taga. Yanzu in mota ta tsaya, a wurin Tsoho an zuba abinci ke nan. Bara wani beyar ya zare masa takalmi yana cikin ɗaure noti. Matarsa ta ce ya bar aikin. Ya ce to, da safe ya ɗauki kayansa ya fita.

Ya iso a tsohon babur ɗinsa, gajimare ya fara saukowa kan hanya. Bai gaishe mu ba. Ya zagaya ya tsaya a tagar Dorel, inda danshin hancin beyar ya bar tabo a gilashi.

"Kun ba shi abinci."

"Ɗan gutsuren cuku ne kawai, Nea Ilarie," in ji Dorel.

"To zai dawo neman sauran." Ya sa su shiga mota su rufe taga, ya juyo gare ni. "Kai wanzami, tsaya nan, idonka a daji. In ka gan shi ka faɗa mini a hankali. Aikinka ke nan."

"Haba Nea, wa zai ci ƙafar nan? Ko karen ƙauye sai ya yi shawara."

Ya dubi itatuwan ya daɗe, ya yi alamar gicciye, ya sulale ƙarƙashin mota. Daga gwiwa zuwa ƙasa duk yana waje.

Tsuntsaye ne suka fara yin shiru. Sai wari, irin na jiƙaƙƙen bargo. Da na ɗaga ido Tsoho yana tsallaken hanya a zaune, gajimare na ratsa shi. Bai dube ni ba, bai dubi taga ba. Abin da ke motsi a ƙasa yake kallo.

Muryata ta ƙi fita. Sai hannuna ya tuna abin da kakanninmu ke yi, na shiga dukan bayan mota, bam bam bam!

Tsoho ya miƙe, ya nufo mu, ba sauri.

"Daina," in ji muryar Ilarie daga ƙasa, can ciki. "Haka baƙi ke kiransa in za su ba shi abinci."

Ƙafafun suka tsaya cik. Ina jin faratan Tsoho suna ƙas ƙas a kan kwalta, ina kuma jin sifana tana juyawa a hankali, don in salansar ba ta fita ba, babu mai barin wurin. Beyar ya sunkuya, ya shinshini takalmin hagu, numfashinsa na kaɗa bakin wando. Salansar ta faɗi. Ƙafafun suka shige ciki kamar na kunkuru, Ilarie ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa ya cusa ni, ya faɗa kan sitiyari. Babur ɗinsa muka bari, Tsoho na shinshinar sirdin.

Sai da muka ga rufin gidaje bakina ya dawo.

"Nea Ilarie, ashe abokinka ne. Gaisuwa ya zo yi, ni kuma na yi muku kiɗa."

Ya dubi takalminsa, yawu bai bushe a kai ba.

"Gobe za mu koma ɗauko babur. Kai za ka kwanta, ni in yi kiɗan."