Furar da Na Riƙa Ba Balbela a Ɓoye

Ranar wata Alhamis da hantsi, a hutun daminar da zan shiga aji huɗu na firamare, Malam Sabo malamin dabbobi ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Ɗambatta. Awakin Baba ya zo yi wa allura, kuma da yake ɗan uwa ne har cikin gida yake shiga. Ya gama yana wanke hannu, sai kakata, wadda duk gidan muke kira Inna Babba, ta ja shi bayan rumbu ta nuna masa wani jiƙaƙƙen wuri. Kiyashi ne suka yi dafifi a kai kamar an zubar da zuma, alhali nan ne kyanwarta Balbela take fitsari. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kawo masa kyanwar. Ni na ɗauko ta, ina nishi, don ta yi nauyin da hannu ɗaya ba ya iya ta. Ya tambaya ko tana yawan shan ruwa, Inna ta ce ko kaskon kaji ba ta bari. "Inna, ina jin ciwon suga ne," in ji shi. Inna ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Kyanwa ma?" Bayan kwana biyu ya dawo da wata 'yar siririyar takarda, ya tsoma a fitsarin da muka tara a murfin kwano, launinta ya canza nan take, ya ce tabbas sugan ne.

Kyanwar fara ce sol, shi ya sa aka sa mata Balbela. Inna ce ta tsince ta tana ƙarama a bakin rijiya, ta raine ta har ta zama mai gadin hatsinmu. Shekara da shekaru ɓera bai isa ya kwana a rumbun gero ba. Ni ce na ɓata ta. A ɗakin Inna nake kwana, kuma duk abin da ya shiga bakina sai na raba da ita: kunun safe, ƙosai, tuwon dawa da miyar kuka, musamman fura da nono idan an zuba suga. In na dawo daga kai wa su Baba abinci gona, ko daga ɗiban ruwa a tuƙa-tuƙa, tana nan a bakin zaure tana jira, ta bi ni tana goga jikinta a ƙafata. In muna carafke da ƙawayena a gindin darbejiya, a cinyata take kwanciya, in na sha kaye in ce ita ta ture mini hannu. A hankali ta daina farauta. Mutanen gida suna yi mata dariya, suna cewa ta zama hajiya, ni kuwa ina jin daɗi, a ganina ƙibar nan shaidar ƙaunata ce.

Malam Sabo ya ce a birni allura ake yi wa irinta safe da yamma, maganin kuma sai a firiji, mu kuwa ko wutar lantarki ba mu da ita. Abin da ya rage shi ne abinci. Ba tuwo, ba kunu, ba fura, ba duk wani abu na hatsi ko mai zaƙi. Nama, kifi da dafaffen ƙwai kawai, kaɗan-kaɗan sau uku a yini, da ruwa mai tsabta kullum a gabanta. Ya ja kunnenmu cewa kada a bar ta da yunwa don ta rame da sauri, a bi ta a hankali. Inna ta dube ni ta ce, "Ƙawata, ke ce idona a kanta." Na ce to.

Inna ta riƙe dokar nan kamar likita ne ya ɗora wa ita kanta. Ƙwan zabinta da take soyawa da safe ta daina ci, ta bar wa Balbela. Duk ranar kasuwa sai ta ba Baba saƙon kayan ciki daga mahauta, ta dafa ba gishiri ba yaji. Ana cikin haka wata matsala ta ɓullo. Balbela ta riƙa zuwa kan yashi ta tona rami ta tsuguna, ta yi ta yunƙuri tana wani siririn kuka, ba abin da ke fita, in ma ya fita sai 'yan ƙwallaye busassu kamar tsakuwa. Baba ya kira Malam Sabo a waya, ya ce yawan fitsarin ne ke busar mata da ciki. Ya ce a tsinka mata abinci da romo, a dafa kabewa a murje a sa mata ƙaramin cokali ɗaya a ciki. Kabewa kuwa ga ta nan ta yaɗu a kan dangarmu. Ni ke tsinkowa in feraye, Inna ta murje da bayan ludayi. A kwana na uku cikin ya saki, Inna ta fito tsakar gida tana hamdala har matan gida suna yi mata tsiya. Cikin 'yan makonni kyanwar ta ɗan faɗa, ta fara hawa katanga, har wata rana ta kamo ƙadangare.

A daidai lokacin aka koma makaranta. Kullum na taso da azahar Inna takan ajiye mini fura a ƙwarya, in zauna a inuwa in sha. Balbela sai ta zo ta zauna a gabana, ta ɗora ƙafa ɗaya a gwiwata, tana bin ludayin da ido daga ƙwarya zuwa bakina. Kwana biyu na daure. A na uku na ɗauki wani ɗan ƙoƙona da nake wasan girki da shi, na zuba mata kaɗan, na kai ta bayan turken awaki inda ba mai zuwa. Ta lashe tas. Na ce a raina yau kaɗai ne. Washegari na sake, jibi ma haka, har ya zama ko a aji ina tunanin yadda za ta taro ni da gudu. Ni ce kaɗai a gidan nan nake ba ta abin da take so, kuma wannan ya fi komai yi mini daɗi.

Kafin a gama yankan gero kiyashin suka dawo. Balbela ta koma kwana a bakin kaskon ruwa, cikin ya sake ɗaurewa, kabewa ta daina aiki. Wannan karon ramewa ta yi mai ban tsoro, gashinta ya yamutse, ƙafafunta na baya suka saki har tana jan su. Inna ta ɗora wa kanta laifi. Takan ce ko kabewar ce ta yi yawa, ko naman ne ya kwana. Da Malam Sabo ya zo, ya tsuguna a gabana ya ce, "Dije, ba wanda ke ba ta wani abu?" Inna ta riga ni amsawa, "Ai Dije ba ta ɗauke ido a kanta." Na sunkuyar da kai na ce babu. Daga ranar na daina, amma a lokacin ko nama ba ta iya ci.

Ta mutu wata safiya ana shirin girbin dawa, a kan tsohon zanen Inna. Baba ya binne ta a gefen gona. Da la'asar ina tsakar gida ina tsince wake, sai ga Inna ta fito daga wajen turke riƙe da ɗan ƙoƙon nan, busasshiyar fura ta manne a cikinsa. Ta tsaya a kaina. "Naki ne?" Na ce nawa ne. Ta daɗe tana dubana, sannan ta miƙo mini ta ce, "Je ki wanke." Ba ta dake ni ba, ba ta gaya wa Baba ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba har ta bar duniya bayan shekara shida. Ta ci gaba da ajiye mini fura kullum. Wata kyanwar dai ba ta ƙara riƙewa ba.

Yanzu ina aure a Ungogo, a unguwar da a da gonaki ce. Baba ya tsufa, shi ma ciwon suga ya kama shi, kuma duk wata sai ya kwana biyu a wurina in za shi asibiti. Ni ke auna masa tuwo, ni ke haɗa masa shayi, wani lokaci ya kalle ni ya ce, "Dije, ko rabin cokali." In ce a'a, in shige kicin in tsaya har zuciyata ta lafa. Wani likitan dabbobi ya taɓa ce mini ba tare da allura ba da wuya kyanwar ta daɗe ko da ban ba ta komai ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Amma in na je ƙauye na ga ɗakin bulo a inda ɗakin Inna yake, abin da nake so shi ne in same ta zaune a kan tabarmarta in faɗa mata da bakina. Ban san ko ta yafe mini ba, domin ban taɓa roƙonta ba.