Sarkin da Ba Ya Riƙo

Bogumil maƙwabcina ne a birnin Lodz, ƙofarsa na kallon tawa. Direban taragon cikin gari ne har ya yi ritaya. Bai haihu ba, sai dai ya riƙe Radek, ɗan ƙanwarsa, ya yi masa karatu har ya zama mai ƙera wasannin kwamfuta.

Duk Lahadi mukan buga karta mu uku. Bogumil ya dafa shayi, ya yanka burodi da kokwamba mai tsami. A nan Radek ya fara tambayoyinsa. Ya ce suna haɗa wasan yaƙi, masarautu shida da kwamfuta ke juyawa, kowacce da halinta: mai zafin kai, mai kwaɗayi, mai tsoro.

"Kawu, in abokin ƙawancenka ya kai maka hari fa?"

"Sai in ji dalilinsa."

"In ya sake?"

"Kai, ɗan nema! Raba karta. Mutum ba ya sakewa sai da yunwa."

Radek ya yi dariya. Ni dai na lura ba kartar yake kallo ba, kawunsa yake kallo.

Da wasan ya fito, Bogumil ya saya da kansa, ya kira ni. Muka zauna gaban allon. Sai ga sarkin masarautar Masu Kogi, tsoho mai gashin baki irin nasa, har da karkata kai. Ya buɗe baki ya ce, "Zauna, sha shayi tukuna."

"Ka ji ja'iri! Ya sa ni a ciki!" Bogumil ya daki cinyata, idonsa ya kawo ruwa.

Sai wasan ya fara koya wa sabon shiga dabara. Ka ƙulla amana da Masu Kogi, in ji shi, ka bari su buɗe maka gada, sannan ka ƙone rumbunansu. Ka koma ka nemi sulhu, za su karɓa. Kullum suna karɓa.

Bogumil ya gwada. Ya ƙona, ya nemi sulhu. Tsohon sarkin ya karkata kai: "Mutum ba ya sakewa sai da yunwa." Bogumil ya sake ƙonawa. Aka sake miƙo masa shayi.

Ya kashe kwamfutar.

Ranar Lahadi Radek ya zo da kwalin kek.

"Kawu, ai girmamawa ce! Dole a samu wanda masu koyo za su fara da shi. Kowa na son ka, wallahi."

"Na ga irin son."

"Haba, Kawu. Ai na san ka, zuwa gobe ka huce."

"Ka san ni kam. Har ka auna."

Ya karɓi kek ɗin, ya yi godiya, ya rufe ƙofa a hankali.

Har yau muna buga karta, mu biyu. Radek kan ƙwanƙwasa wani lokaci. Bogumil sai ya gyara kofuna biyun da ke kan tebur, ya dube ni.

"Kai ne da rabon karta," ya ce.