Ranar da Yaya Ya Juya Kafasita

Shagonmu na gyaran talabijin yana bakin titi a Takur. Mu biyu ne a ciki, ni da yayana wanda ya koya mini aikin. Tsarinsa ba ya canjawa. Da farko a cire filogi. Sannan a zubar da ragowar wutar da ke cikin babban kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, don tana iya jefar da mutum. Sannan a nemi wanda ya kumbura. Mitar gwajin wuta ce ƙarshe.

Da ciwon suga ya fara cin idonsa, bai faɗa wa kowa ba. Ni dai na lura ya daina sunkuyawa kan allon cikin talabijin. Sai ya riƙa bin kawunan kafasitocin da yatsa, inda ya ji tudu ya ce, "Ga ɓarawon." Sabon ma da taɓi yake gane shi, domin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Abin da yatsa ba ya ji shi ne farin zanen kan allo, mai nuna ramin da kowace ƙafa za ta shiga.

Wata safiya wata malamar asibiti 'yar Filato ta kawo talabijin mai kawowa tana ɗaukewa. Yaya ya gano, ya cire, ya sa sabo, ya liƙe da dalma. Yana jona wuta muka ji fas, hayaki mai wari ya turnuƙe shagon.

"Baba, gyara na kawo, ba suya ba," in ji ta, tana dariya.

"Jabu ne," ya ce. "Kayan yanzu."

Na duba allon. A juye ya sa shi. Na sa wani daidai, na bari sai da matar ta tafi.

"Yaya, ba jabu ba ne."

"Na sani."

"Da fuskarka na kusa fa?"

"Me ya rage da za ta rasa?"

"To ka riƙa ganowa, ni in riƙa liƙewa."

"Wato ni mai lalube, kai mai gyara."

Ya jira ƙarfen dalmarsa ya huce, ya naɗe wayar, ya laluba ya rataye shi a ƙusar ɓangarena. Bayan la'asar ya ce in raka shi tashar Jahun. A hanya na kama hannunsa za mu tsallaka titi, bai fizge ba.

Can gida ya zauna, yana ba awaki dusa, har Allah ya karɓi ransa. Bai sake tako shagon ba.