Motar da Ba Ta da Taya

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan bas a cikin gari. Ya san kowane rami da kowace kwana, amma da ya ajiye aiki ya dasa benci a ƙofar gida, sai ya tarar bai san layinsu ba. Wa ke cikin gida mai koren ƙyaure? Wa ke tari kullum a bayan katangar can? Shi kuwa mutum ne mai bin diddigi, ko ƙara ya ji a inji ba ya samun sukuni sai ya gano inda take fitowa. Haka ya zauna yana ƙirga muryoyin yara ta bayan katanga har goma sha ɗaya, amma ko ƙeyar ɗaya bai gani a waje ba. Masu babur sun mai da layin hanyar yanke, iyaye kuma sun kulle 'ya'yansu.

Abin ya dame shi ne saboda jikarsa mai shekara bakwai, wadda yake kira Uwata. Tun rasuwar matarsa 'yarsa ta kawo masa ita don ta ɗebe masa kewa. Rannan 'yar tasa ta zo ta tarar da yarinyar ta yi tagumi a bakin taga.

"Baba, yarinyar nan ta rame, ba ta da abokan wasa. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ta."

Tsoron gidan nan babu ita yake yi.

Ya bi gida-gida yana sallama, yana roƙon a bar yara su fito ranar Asabar da yamma. Ya tare bakin layin da tsofaffin tayoyi, ta nan biyu, ta can biyu. Sai dai direba direba ne. Ya rubuta jadawali a kwali, tsallen igiya minti goma, ƙwallo minti goma, ya rataya usur a wuya, ya jera yaran bisa tsawo. Da ya busa, sai suka tsaya ƙiƙam suna kallonsa, wani ƙarami ma ya fashe da kuka.

Tela, wadda shagonta ke kallon gidansa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Baba! Yara ne fa, ba fasinja ba."

Kunya ta kama shi. Ya cire usur, ya hau benci ya raba ƙafa, ya zuba wa ƙasa ido. Can sai ya ji an zauna a bayansa.

"Kaka, ina za mu?" in ji Uwata.

Hannunsa da ya saba ya kai kan sitiyarin da babu shi. Ya yi ƙugin inji da baki, ya sa giya. Kafin ka ce me, benci ya cika. Da wuri ya ƙare aka miƙe, kowa ya kama rigar na gabansa, mota ta tashi da ƙafa. Uwata ta zama kwandasta.

"Akwai mai sauka a koren ƙyaure?"

"Gidanmu ne!" in ji wasu 'yan biyu.

Baba ya taka birki, ya ce ba ya sauke ƙananan fasinja sai babba ya fito ya karɓa. Uban 'yan biyun ya leƙo, ashe ma'aikacin asibiti ne, shekara shida suna maƙwabtaka ba su taɓa gaisawa ba. Mai tarin kuma tsohon malami ne, wanda ya fito da sanda ya ce a rage masa hanya zuwa shagon Tela. Kafin rana ta faɗi mata sun fito da kujeru, ana ta tambayar juna, "Au, ke ce uwar wannan?"

Asabar uku aka yi ana haka. A ta huɗu 'yarsa ta iso da jakar da za ta zuba kayan yarinyar. Ta tsallake tayoyin, ta tsaya tana kallon ubanta, furfura fal kai, yana yin hon da baki, yara sha biyu a bayansa. Ya hango ta, ya hango jakar, inji ya mutu a bakinsa.

Uwata ta leƙo daga baya, gumi sharkaf.

"Mama, mota ta cika, ki jira wani sawun. Kaka, ja mu tafi!"

'Yar tasa ta dubi jakar, ta dubi ubanta. Sai ta miƙa wa Tela jakar ta ajiye mata, ta je can ƙarshen layi ta kama rigar yaron da ke baya.

Sau biyu Baba Direba ya gwada tada injin, murya ta ƙi. A na uku ta kama.