Likkafanin Labo Masaƙi

Labo ya shekara arba'in yana saƙa a Malumfashi, bai taɓa sa yadin kanti a jikinsa ba. Yakan ce zanen da ake hango rana ta cikinsa ba sutura ba ne. Bayan samun 'yanci matan gari suka koma atamfa, wai saƙi tsohon yayi ne. Har matarsa Lauratu ta daina ɗaurawa.

Sai Labo ya saƙa wa kansa likkafani da audugar gonarsa, ya ajiye a adaka. Ranar da ya rasu, ɗansa Isyaku ya warware likkafanin ya ce, "Haba, wannan ai abin kunya ne a idon jama'a." Ya aika kanti aka yanko alawayyo.

Likkafanin Labo kuwa, a kansa ake shanya barkono.